Konsat: Tarihin Wasan Barkwanci da Waƙa a Ƙasar Gana

Konsat shi ne sunan da mutanen Gana suka laƙaba wa wani nau'in wasan kwaikwayo na yawo, wanda ake haɗa kiɗa da waƙa da rawa da barkwanci a dandamali guda, a dare guda. Daga Turanci aka aro kalmar, inda take nufin taron sauraren kiɗa, amma da ta zauna a bakin Fante da Asante sai ta ɗauki wata ma'ana daban. Wasan ya shafe shekara sittin da wani abu yana zagaya garuruwa da ƙauyuka, kuma bai taɓa dogara da rubutaccen littafi ko ginannen zaure ba. Mai nazarin tarihinsa zai lura da abu ɗaya: duk lokacin da masu biyan kuɗi a bakin ƙofa suka sauya, wasan ma sai ya sauya harshe da kiɗa da tsawon lokaci.

Asalinsa

Ana danganta farkon wasan da wani hedimasta a garin Sekondi, bakin teku, wanda aka fi sani da Tica Yalley. Wajajen 1918, lokacin ƙasar tana amsa sunan Gwalkwas a ƙarƙashin mulkin Ingila, makarantu kan shirya bikin ranar daular Ingila kowace 24 ga Mayu, inda ɗalibai ke rera waƙoƙi da yin gajerun wasanni. A irin wannan biki Yalley ya yi suna. Yakan shafa baƙi a fuska, ya zagaye baki da fari, ya sa tufafin ban dariya, ya yi waƙa da rawa da zolaya, duka da Turanci. 'Yan kallonsa lauyoyi ne da akawuna da manyan 'yan kasuwa, masu zuwa cikin kwat da laktaye, kuɗin shiga kuma ya fi ƙarfin talaka.

Wannan shafe fuska ba al'adar ƙasar ba ce. Daga Amurka ta zo, inda fararen fata suka ƙirƙiro ta don yi wa baƙar fata ba'a. Ta iso gaɓar Gwalkwas ta hanyar finafinai da fayafayan garmaho da ma'aikatan jiragen ruwa, har ma da wasu 'yan wasa biyu baƙaƙen Amurka, Glass da Grant, waɗanda suka yi wasa a Akra a tsakiyar shekarun 1920. Abin mamaki shi ne, waɗanda suka ɗauke ta a Sekondi ba su karɓe ta da ma'anarta ta cin mutunci ba. A wurinsu alama ce kawai ta cewa ga mai ban dariya ya fito.

Cikin yaran da ke leƙen wasan Yalley akwai wani ɗan makaranta mai suna Ishmael Johnson, wanda duniya ta sani daga baya da Bob Johnson. Shi ne ya sauko da wasan daga zauren masu kwat zuwa inda talaka yake. A 1930 ya kafa ƙungiyar Two Bobs, suka fara yawo ƙauyuka suna karɓar sisi a bakin ƙofa. Da sisi ta zama kuɗin shiga, sai manomi da lebura da 'yar kasuwa suka cika wuri, su kuwa ba su zo sauraren Turancin da ba sa ji ba. Dole aka fara cusa Fante cikin zance. A tsakiyar shekarun 1930 Johnson ya shiga ƙungiyar Axim Trio, wadda ta fi kowace shahara a zamaninta, har ta kai wasa Nijeriya da Laberiya da Saliyo. Fitacciyar marubuciyar nan Efua Sutherland ta rubuta ɗan littafi a kan rayuwarsa a 1970.

Taurari uku

A hannun waɗannan ƙungiyoyi ne wasan ya sami ginshiƙansa uku. Akwai ɗan gayu, mai kwat da sanda, mai ji da Turancinsa. Akwai uwargida, wadda namiji ne ke fitowa a siffarta, da ɗankwali da jan baki da siririyar murya, domin a wancan lokaci ana ganin hawan mace dandamali zubar da mutunci ne. Sai na ukun, wanda ake kira Bob ko da wane ne ya fito a matsayin: boyin gida, mayunwaci, makwaɗaici, mai baki biyu. Yana yi wa maigida ladabi a gabansa, ya juyo ya fallasa shi ga 'yan kallo. Shi ne kaɗai ke da izinin tsallake iyakar da ke tsakanin labari da jama'a.

Ɗalibin Hausa ba zai rasa gane Bob ba. Mutanen Akan suna da Ananse a tatsuniyoyinsu, wanda shi ne takwaran Gizo, kuma masana da dama sun nuna cewa halin Ananse ne aka sa wa rigar boyi. Ta fuskar sana'a kuwa, ya yi kusa da 'yan kama, masu kwaikwayon malamai da waƙoƙin abinci, da kuma 'yan gambara masu amsa-amo da zolaya a kasuwa. Bambancin shi ne an ɗora Bob cikin doguwar hikaya mai farko da ƙarshe.

Yaƙin Duniya na Biyu ma ya taɓa wasan. Sojojin Afirka ta Yamma da aka kai yaƙin Bama, cikinsu har da Hausawa masu yawa, suna da 'yan wasa da ke ɗebe musu kewa a sansani. Ɗaya daga cikinsu, Bob Vans, da ya dawo gida ya kafa ƙungiyar Burma Jokers.

Shekarar 1952

Babban juyi ya zo ne a 1952, lokacin da makaɗin jita E. K. Nyame ya kafa Akan Trio. Kafin shi, waƙoƙin wasa yawanci na aro ne, irin na rawar Turawa da na Amurka. Nyame ya kawar da su ya sa kiɗan hailaif na jita, wanda aka haifa a ƙasar, ya kuma mai da wasan gaba ɗaya cikin harshen Akan. Abokin aikinsa Kobina Okai ya shahara da rera waƙa da siririyar murya irin ta mata. Daga nan ƙungiyar wasa da ƙungiyar kiɗa suka zama abu guda: makaɗi ne ɗan wasa, ɗan wasa ne mawaƙi. Waƙar da aka ji a faifai ita za a zo gani a dandamali, labarin da aka gani kuma shi ke sayar da faifai.

Wannan ya zo daidai da zamanin neman 'yanci. Ƙungiyoyi da yawa sun goyi bayan Kwame Nkrumah, suka yi wasanni na yabonsa, bayan samun mulkin kai a 1957 kuma gwamnati ta kafa ƙungiyoyin konsat nata. A cikin waɗannan ne mata suka fara samun hawa dandamali sosai a shekarun 1960. Ƙungiyoyi irin su Jaguar Jokers, wadda aka kafa a 1954, da ta Kakaiku, da ta Bob Cole, suka mamaye hanyoyin ƙasar. Salon ya tsallaka har Lome ta ƙasar Togo, inda aka riƙa yin sa da harshen can.

Yadda ake shirya dare guda

A nan ne ainihin wahalar sana'ar take. Kwanaki kafin ƙungiya ta iso gari, akan tura mutum guda ya riga ta. Aikinsa ya nemi wuri, ya sasanta da mai wurin, ya gai da sarkin gari, ya manna takardun talla. Wurin kan zama gidan silima idan a birni ne, a ƙauye kuwa tsakar wani babban gida mai ƙofa ɗaya, domin a iya tsare ƙofar a karɓi kuɗi. Lissafin tafiya yana bin kakar koko. Gana ta daɗe tana cikin manyan ƙasashen duniya wajen noman koko, kuma daga wajen Oktoba zuwa farkon sabuwar shekara ne kuɗi ke hannun manoma. Ƙungiyar da ta kuskure wannan lokaci, ko ta tarar wata ta riga ta kwashe garin jiya, ta yi asarar man mota.

Ran wasa da rana motar ƙungiya kan shigo, kayan kiɗa ɗaure a bisa. Sai a jingina manyan alluna a bakin hanya, waɗanda aka zana wa hotuna masu firgitarwa: dodo, maciji mai kai da yawa, mayya tana tashi sama. Sau da yawa abin da ke kan allon ya fi abin da za a gani a wasan, amma ba wanda ke ƙorafi. Da la'asar a zagaya gari da lasifika ana shela. Kafin magariba an haɗa dandamali da katako ko tebura, an rataya labule a gefe don sauya tufafi, an tada janareta.

Wasan kansa hawa-hawa ne. Da farko makaɗa za su yi ta kiɗan rawa na sa'o'i, jama'a na taruwa, matasa na taka rawa. Sai a shiga gajerun barkwanci, kowanne da 'yar waƙarsa, ba ruwan wani da wani. Babban labari ba ya farawa sai dare ya raba, yakan kuma kai kusan asuba. Jinkirin da gangan ne: mai ƙofa yana son kowa ya shigo kafin a fara abin da aka zo dominsa.

Babu rubutaccen wasa. Shugaban ƙungiya kan zayyana labarin da baki, a raba matsayi, a tsai da waƙoƙin da za su shiga da inda za su shiga. Sauran zance kowa ya ƙirƙiro nasa a gaban jama'a. Saboda haka waƙoƙin ne turakun da aka ɗaure labarin a kansu. Ɗan wasa yana iya tsawaita zolaya idan ya ga ana dariya, ya gajarta idan ya ga an yi sanyi, amma ya san dole ya iso ga waƙa ta gaba, makaɗa kuma na zaune a bayansa suna jiran alama. Makirfo kan zama ɗaya ko biyu a tsakiyar dandamali, don haka duk mai magana sai ya matso gare shi, wannan kuwa ya sa tsayuwar 'yan wasa ta zama ta fuskantar jama'a a koyaushe.

Jigogin ba su da nisa da rayuwar masu kallo: marainiya a hannun kishiyar uwa, rigimar gado tsakanin 'ya'yan mamaci da dangin uwarsa, manomin da ya sayar da koko ya tafi birni wata ta wanke shi, maita, kuɗin tsafi. Waƙa ita ke ɗaukar nauyin baƙin ciki. Idan marainiya ta tsaya ta rera kukanta, mata kan share hawaye, wasu su hau dandamali su liƙa mata kuɗi ko su miƙa mata abinci, kamar yunwar gaske take ji. Muguwar uwa kuwa ta sha zagi daga kowane lungu. Ana tsakiyar wannan sai Bob ya faɗo da wata sakarar magana, wuri ya ruɗe da dariya. Gwanintar ƙungiya ana auna ta ne da iya wannan juyi, daga hawaye zuwa dariya, ba tare da ɗaya ya kashe ɗaya ba.

Harshe ma kayan wasa ne. Ko da yake Akan ne gishirin zance, akan ji Turancin ɗan gayu da Turancin buroka da Ga da Ewe, wani lokaci har da Hausa. Shigar Hausa ba abin mamaki ba ce, domin tun zamanin fataucin goro zuwa Gwanja Hausawa suke kafa zango a garuruwan ƙasar, kuma Hausa ta daɗe tana zaman harshen bariki a tsakanin sojoji da 'yan sandan mulkin mallaka. Sai dai a faɗi gaskiya: baƙo a irin wannan dandamali yawanci abin zolaya ne, ana dariyar lafazinsa kafin a saurari abin da yake faɗa.

Bayan an tashi, 'yan wasa kan shimfiɗa tabarmi a nan inda suka yi wasa. Da safe a raba abin da aka samu, bayan an cire kuɗin wuri da na mota da na mai kayan kiɗa. Sau tari abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Mutanen da aka yi wa tafi jiya da dare su ne iyaye ke hana 'ya'yansu aure da su.

Dokar hana fita

Wasan ya kai ƙololuwarsa a shekarun 1960 da 1970. Fim ɗin I Told You So na 1970, wanda Bob Cole ya fito a ciki, daga salon konsat aka gina shi, haka ma shirin talabijin na Osofo Dadzie. Amma tattalin arzikin ƙasar ya taɓarɓare a ƙarshen shekarun 1970, man fetur da tayoyi suka yi wuya, hanyoyi suka lalace. Sannan bayan juyin mulkin Jerry Rawlings na 31 ga Disamba 1981 aka kafa dokar hana fita da dare, wadda ta ɗauki fiye da shekara biyu. Sana'ar da ba ta da wani jari sai dare, an karɓe mata daren. Makaɗa da yawa suka tsallaka Nijeriya da Turai, wasu suka koma kiɗa a coci. Kafin a farfaɗo, masu kiɗan faifai da lasifika sun kama wuraren rawa da araha, finafinan bidiyo kuma sun fara shiga ƙauyuka daga ƙarshen shekarun 1980.

A tsakiyar shekarun 1990 aka dawo da wasan a Babban Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa da ke Akra, wanda aka buɗe a 1992, da tallafin kamfanin da ke yin sabulun Key Soap, ana kuma nuna shi a talabijin. Nan ne masu barkwanci irin su Nkomode da Bob Okala da Agya Koo suka yi suna a faɗin ƙasar. Sai dai mai biyan kuɗi ya sake sauyawa. Wasan da ke kai wa asuba aka matse shi cikin ɗan lokacin da talabijin ta yanka masa, ana tace labari kafin a hau dandamali, ana kuma son kowane wasa ya fito da darasi ƙarara. Da yawa daga taurarin wannan zamani, cikinsu har da Agya Koo, daga baya finafinan bidiyo na Kumasi suka koma.