Daga Majigi Zuwa Wayar Ɗalibi

A zamanin Turawa, majigi ne ya kai hoto mai motsi garuruwan Arewa, hukuma ce kuma ke zaɓar abin da za a nuna. Bayan samun 'yanci, Adamu Halilu, wanda ya shirya Shaihu Umar a 1976, ya ɗauki tarihin Kanta na Kabi a fim. A yau da wuya a sami matashin Birnin Kebbi da ya taɓa kallonsa.

Yanzu wayar ɗalibi ta isa ɗaukar gajeren fim kan kufan Surame ko masuntan Argungu. Sai dai fim ɗin da ba a nuna ba, ba a kuma adana ba, ɓacewa yake yi. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, ita ta fi cancantar tara irin waɗannan ayyuka, ta nuna su duk shekara.