Yadda 'Yan Kallo Suka Shiga Rikicin Tashar NFL a Amurka

Mu da muke biyan kuɗin kallon ƙwallo duk wata, wannan tarihi ya shafe mu. A 2003 hukumar NFL mai kula da ƙwallon zari-ruga irin na Amurka ta buɗe tasharta, NFL Network. Ta nemi a sa ta cikin tashoshin da kowa ke samu. Kamfanin Comcast ya ce ta yi tsada, ya mayar da ita rukunin masu biyan ƙari, Time Warner kuwa ya ƙi ɗaukarta. A Disamba 2007, ƙorafin 'yan kallo da 'yan majalisa ya sa NFL ta bar CBS da NBC suka nuna wasan Patriots da Giants. Comcast ya sasanta a 2009, Time Warner sai 2012. Da masu biya sun yi shiru, da wasan nan ya wuce miliyoyin gidaje.