Daga Dandali Zuwa Gaban Alƙalai: Tarihin Alkafura a Rawar Yara

A Ƙofar Atiku aka haife ni, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin birnin Sakkwato, birnin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809. Ƙofar ta ci sunan ɗan'uwansa Abubakar Atiku, wanda ya riƙe sarautar Sarkin Musulmi daga 1837 zuwa 1842. Ganuwa ta daɗe da zubewa, suna ya rage wa unguwa. A lungunan wannan unguwa na fara yin alkafura, kuma a nan na ga abin da ya sa har yau nake tambayar kaina: yaushe ne wasan da yara ke yi don nishaɗi ya koma abin da ake auna su da shi a gaban alƙalan gasa?

Tsalle da juyi ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. Idan wata ya yi fari, yara maza kan fita dandali su yi langa da kokawa da adungure, 'yan mata kuma su ja da'irar gaɗa, ɗaya ta saki jiki ta faɗa baya, ƙawayenta su tare ta su cilla ta sama. Manya ma suna da nasu: 'yan hoto masu wurga garma sama su cafe, 'yan tauri masu wasa da wuƙa, da gardawa masu yawo da kura da maciji. Sai dai waɗannan na manya sana'o'i ne, galibi na gado, kuma mai shiga cikinsu yakan daɗe a ƙarƙashin ubangida kafin a bar shi ya fito fili. Na yara kuwa ba shi da alƙali, ba shi da kyauta. Wanda ya gaji ya zauna, wanda ya ji tsoro ya ja baya, ba mai rage masa maki.

A Sakkwato akwai wani dalili da ya ƙara tsare rawa a gefe. Malaman jihadi sun yi suka mai ƙarfi ga tarukan kiɗa da ke cakuɗa maza da mata, saboda haka a gidaje irin namu rawa abu ce da ake kau da kai a kanta idan yaro ne, ake kuma tsawata wa idan ya girma.

Sauyi ya zo ne ta hannun gwamnati. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, sai aka ɗauki bukukuwan al'adu a matsayin hanyar ɗinke ɓarakar ƙasa, aka fara bikin fasaha da al'adu na ƙasa inda jihohi ke gwada bajinta. Kowace jiha ta shiga neman rawar da za ta kai fage. A Kano, cikin farkon shekarun 1970, aka harhaɗa salon rawar Hausawa da na Fulani aka fito da koroso, mai sarewa da kacau-kacau a ƙafa, wadda 'yan wasanta ke lanƙwasa jiki, su hau kan juna, su yi juyin da ke sa 'yan kallo riƙe baki. Da ma ƙasar Gini ta riga ta nuna wannan hanya, domin ƙungiyar rawar da Fodeba Keita ya kafa a Faris ta zama ta ƙasa bayan 'yancin kai na 1958, ta kuma zaga duniya da rawar gargajiya da aka tsara domin dandamali. Bikin FESTAC da aka yi a Legas daga Janairu zuwa Fabrairun 1977 ya tabbatar da wannan salo a idon kowa.

Dandamali yana da sharuɗɗansa. Rawar da ake kwana ana yi a gidan biki, dole a taƙaita ta zuwa 'yan mintoci. Alƙali yana zaune daga nesa, ba lallai ba ne ya ji Hausa, balle ya gane abin da kalangu ke faɗi. Abin da idonsa zai kama nan take shi ne tsalle mai nisa da juyi a iska. Da shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika makarantu da yara, sai wannan ma'auni ya gangaro zuwa gare mu, ta hanyar gasar makarantu ta ranar yara, 27 ga Mayu, da ta ranar 'yancin kai, 1 ga Oktoba.

Ina aji biyar aka zaɓe ni cikin 'yan rawar makarantarmu. Ban fi kowa jin kiɗa ba; jikina ne mara nauyi. Malaminmu, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai ƙwazo, amma bai taɓa koyon horar da jiki ba. Karin maganar da ya riƙe ita ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mun yi makonni muna gwajin alkafurar baya a kan busasshiyar ƙasar filin makaranta, ba katifa, ba rairayi, ba mai tare mu. Ana saura kwana uku gasa, abokina wanda ya fi mu duka iya taka rawa ya tashi sama, ya sauko a kan hannu. Na ji ƙarar kafin na ji kukansa. Aka kai shi wurin mai ɗori, mu kuma muka je gasa muka ciwo kyauta. Har yau hannunsa na hagu ba ya miƙewa sosai, kuma tun ranar bai sake shiga fage ba.

Ba zan yi wa alkafura butulci ba. Ta koya mini daidaita jiki, da ƙarfin zuciya, da amincewa da abokin da zai tallafe ni. Yaron da ya iya sarrafa jikinsa a iska yakan fi sauƙin sarrafa shi a ƙasa. Amma ƙasashen da suka mai da wannan fanni wasan gasa sun haɗa shi da shimfiɗa mai laushi, da ƙwararren mai horarwa, da hawa mataki bayan mataki. Nadiya Komanechi ta Romaniya tana da shekara 14 ta sami cikakken maki a wasannin Olamfik na 1976, bayan ta shafe shekaru tana horo a hannun masana. Mu mun ari juyin, mun bar tanadin da ke tare da shi. Mun kuma bar hikimar kakanninmu, waɗanda ba su taɓa miƙa wa sabon shiga garma ya wurga sama ba.

Akwai hasara ta biyu wadda ba ta zubar da jini. Idan alƙali ya fifita juyi a kan takun ƙafa, malami zai zaɓi yaro mai sauƙin jiki ya bar mai kunnen kiɗa, kamar yadda aka zaɓe ni. Sannu a hankali rawar Sakkwato da ta Kano da ta Zazzau su koma kama ɗaya, kowacce tana gaggawar isa wurin tsalle.

An ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, kuma ban musa ba. Roƙona ga masu shirya gasa shi ne su rarraba maki yadda bin kiɗa da sanin asalin rawa za su rinjayi tsalle, su kuma hana kowace makaranta sa yaro juyin baya sai tana da shimfiɗa da mai horarwa da ya san aikinsa. Abokina yana nan Ƙofar Atiku, ya zama magidanci. Kwanan baya ɗansa ya zo masa da takardar neman izinin shiga ƙungiyar rawar makaranta. Ya daɗe yana dubanta, sa'an nan ya ce wa yaron sai ya je da kansa ya ga filin da za su yi gwaji tukuna.