Kaka da Wasanninta, Daga Dandalin Ƙauye Zuwa Kilomita Biyar

A lissafin manomin ƙasar Hausa shekara tana da bazara da damina da kaka da rani, kuma daga cikin huɗun nan kaka ce ake ambata da sakin fuska, domin ita ce lokacin da ruwan sama yake ɗaukewa, amfanin gona ya nuna, a girbe a kai gida. Takan kama ne da nunar gero wajen watan Satumba, a cikin zafin nan da ake kira agazari, ta ci gaba da roron wake da cirar gyaɗa har a yanke dawa a Nuwamba ko farkon Disamba, sa'ad da iskar hunturu ta fara kaɗawa. Akasarin wasanni da kaɗe-kaɗe da bukukuwan da Hausawan karkara suka gada a cikin waɗannan watanni suke taruwa, kuma dalilin haka yana cikin rumbu, domin a zamanin da kuɗi ba su yawaita a hannun talaka ba, damin hatsi shi ne ladan mai fasaha. Makaɗin noma, wanda ya bi 'yan gayya da gangarsa a tsakiyar damina yana zuga su, da kaka yake zagaya gonaki da gidaje yana karɓar damma, haka nan maroƙi da wanzami da malamin allo. A Katsinar Maraɗi da wasu sassan arewa, manomin da ya tara dami dubu yakan yi bikin da ake kira dubu, ya rabar da dukiya mai yawa a bainar jama'a kafin a kira shi sarkin noma, wato darajarsa tana rataye ne da abin da ya fitar ya bayar.

Daga cikin wasannin kaka, wanda ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne kalankuwa, bikin da samari da 'yan matan ƙauyukan Kano da Katsina da Zazzau suke shiryawa bayan an gama aikin gona. Sarkin samari, wato shugaban da matasan gari suka naɗa wa kansu, shi yake aika goron gayyata zuwa garuruwan maƙwabta, a kafa rumfuna a bayan gari, a yi kwanaki ana kiɗa da rawa da ciye-ciye. Abin da ya bambanta kalankuwa da sauran shagulgula shi ne cewa matasa sukan kafa hukuma ta wasa mai kwaikwayon ta gaske, da sarki da alkali da dogarai, kuma da Turawa suka kafa mulkinsu sai aka ƙara da Gwamna da Razdan da Di'o da likita, ana kama mai laifin wasa a gurfanar da shi a ci shi tara, jama'a na dariya. A Damagaram akwai ɗan'uwan wannan wasa da ake kira wasan kara, inda ake sarrafa karan hatsi a yi kayan da ake kwaikwayon masu mulki da su. Masu nazarin adabi sukan lissafa waɗannan a cikin tushen wasan kwaikwayon Hausa, kuma suna da gaskiya, sai dai akwai abin da ya wuce nishaɗi a ciki, domin yaron da ya zauna a kujerar alkali na kwana uku ya koyi yadda ake sauraren ƙara, talakan da ya kalli Di'on wasa yana muzurai kuwa ya sami damar yi wa na gaske dariya ba tare da an ɗaure shi ba.

Dambe da kokawa su ma 'ya'yan kaka ne. Dambe asalinsa wasan mahauta ne, waɗanda suke bin garuruwa da kaka suna yanka dabbobi, saboda a lokacin ne manomi yake da abin sayen nama, da yamma kuma a buɗe fage, a kaɗa kalangu, ɗan dambe ya naɗe hannu ɗaya da zare ya fita neman wanda zai kashe, kisa kuwa a bakin 'yan dambe yana nufin kai abokin karawa ƙasa. Sunan Shago ya game ƙasar Hausa ne ta bakin makaɗinsa Ɗan Anace, abin da yake nuna cewa jarumi da mawaƙi kowa da ɗan'uwansa yake tsayawa. Kokawa kuwa ta manoma ce, ita ce kuma hukuma ta fi ɗauka ta raya, musamman a Jamhuriyar Nijar, inda aka fara gasar ƙasa a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya zama zakaran farko, gasar kuma take zagaya jihohin ƙasar har yau. A can gefe, ƙananan yara suna da nasu rabon: su gasa tumu, wato sabuwar zangarniyar gero, su fere kara su yi mota da tabarau, 'yan mata su yi gaɗa a dandali idan akwai farin wata, maza su yi langa, da an shiga gida kuma tsohuwa ta tara su ta yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, wadda al'ada ta hana a yi da rana.

Kakar da take cika rumbu ita ce kuma take buɗe hanya, domin da ƙasa ta bushe, koguna suka janye, fatake sukan ɗaure kaya, 'yan cin rani su bar gida sai wata damina. Wasu sun bi yamma zuwa Gwanja neman goro, wasu kuma, a ƙarni na 19, suka bi ta Adamawa zuwa Ngaundere, daga nan suka gangara Kunde da ƙasar Gbaya suna sayen hauren giwa. Wannan hanya ta kudu maso gabas tana daga cikin waɗanda suka kai Hausawa yankin da Faransawa suka kira Ubangi-Shari, inda Faransawan suka kafa sansanin Bangi a bakin kogin Ubangi a 1889, garin da ya zama babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da ta sami 'yanci a 1960. Unguwar Kilomita Biyar, wadda ta samo sunanta daga nisanta da tsakiyar birnin, tana cikin gunduma ta uku, kuma ita ce ta zama matattarar Musulmi 'yan kasuwa, Hausawa da Fulani da Barebari da Larabawan Cadi da mutanen Mali da Senegal, ga babbar kasuwa ga babban masallaci. Rikicin da ya ɓarke a ƙasar a 2013 da 2014 ya kore dubban mazaunanta zuwa Cadi da Kamaru, ya bar sauran a tsare cikin unguwar, halin da ya sa ziyarar da Fafaroma Francis ya kai masallacin a ranar 30 ga Nuwamba 2015 ta ja hankalin duniya.

A wuri irin wannan kaka ba ta da inda za ta taka. Damina a Bangi takan kai har Nuwamba, abincin yau da kullum rogo ne, wanda ba shi da ranar girbi guda da gari zai yi murna tare, Bahaushen unguwar kuwa ɗan kasuwa ne da cinikinsa bai san wata ba, 'ya'yansa kuma suna tashi da harshen Sango a titi da Faransanci a makaranta. Saboda haka lokutan taruwar iyali da dangi a zango sun koma bin kalandar Musulunci, wato azumi da sallolin nan biyu da Mauludi, sai kuma suna da aure da saukar karatu. Kalankuwa ba ta iya tafiya, domin tana bukatar gona da kara da garuruwan maƙwabta masu yare ɗaya, amma tatsuniya ba ta da nauyi, kuma tarihin littattafan Hausa ya tabbatar da haka. Labaran da J. F. Schön ya buga a Magana Hausa a 1885, da yawansu daga bakin Dorugu suka fito, yaron Damagaram da ya kai har Ingila. Waɗanda R. S. Rattray ya buga a 1913 kuwa, Malam Shaihu ne ya rubuta su da ajami a ƙasar da ake kira Gana yanzu, nesa da Kano da Katsina. A cikin gida ma, Frank Edgar ya fitar da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa a juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, akasari daga rubutun malaman Sakkwato.

Shigar tatsuniya cikin littafi ta raba ta da dare da kuma kaka, amma marubutan farko ba su manta inda ta fito ba. Gasar da Rupert East ya shirya a Hukumar Fassara ta Zariya a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma da Imam ya zo rubuta Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, sai ya gina littafi na farko a kan hirar dare, inda aku yake riƙe ɗan sarki da labarai har gari ya waye don kada ya fita ya faɗa tarkon maƙiya. A farkon shekarun 1970 Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni a littattafai shida domin 'yan makaranta, aikin da ya cancanci yabo fiye da yadda ake yi masa, saboda ya zo daidai lokacin da yaran birni suka fara rasa dandali. Daga shekarun 1980 kuma marubutan Kano, waɗanda mata irin su Balaraba Ramat Yakubu suke sahun gaba a cikinsu, suka cika kasuwa da ƙananan littattafan ƙagaggun labarai, waɗanda 'yan kasuwa suke saye da sari su haɗa da atamfa da turare zuwa zangunan ƙasashen maƙwabta, gidajen rediyo kuma suke karanta su ga matan da suke cikin gida.