Hatimin Malam da Gonar Gwaji

Duk wanda ya taɓa duban allon malamin zaure ya san hatimi, watau zanen nan mai gida-gida da ake cikawa da lambobi ko haruffa. Galibin jama'a sun ɗauke shi abin tsibbu ne kurum. Amma a wajen masana lissafi, hatimi reshe ne na ilmin jeranta abubuwa, wanda ke binciken hanyoyin da za a iya shirya abubuwa bisa wata ƙa'ida, da kuma yawan hanyoyin.

Mafi sauƙin hatimi shi ne mai gida tara. Ana zuba lambobi daga 1 zuwa 9, ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da 15. Sinawa sun san shi tun zamanin da. Larabawa suna kiransa wafaƙi, kuma Ikhwanus Safa na Basra sun kawo shi cikin rubuce-rubucensu a ƙarni na 10.

Ƙasar Hausa ma ta sa hannu a wannan fanni. Malam Muhammadu ibn Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina, ya tafi aikin hajji, daga bisani ya zauna a Alƙahira. A shekarar 1732 ya rubuta littafi da Larabci, inda ya bayyana hanyoyin gina hatimin da gidajen gefensa suke uku, ko biyar, ko bakwai, har zuwa sama. A mai gida 25, alal misali, jimlar lambobin 325 ce, saboda haka tilas kowane layi cikin biyar ɗin ya ba da 65. Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti.

A 1782 Leonhard Euler ya ɗauko wata tambaya daga nazarin hatimi: ko za a iya jera hafsoshi 36, masu muƙami shida daga rundunoni shida, cikin layuka shida-shida, ba tare da muƙami ko runduna ta maimaitu a layi ba? Ya zaci ba zai yiwu ba, sai a 1900 Gaston Tarry ya tabbatar da haka.

Amfanin wannan ilmi ga manomi ya fito ne a shekarun 1920, lokacin da Ronald Fisher ya yi aiki da shi a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila. In ana son gwada taki iri biyar, sai a raba gona gida 25, kowane iri ya zo sau ɗaya a kowane layi, a tsaye da a kwance. Da haka bambancin ƙarfin ƙasa ba zai ruɗi mai gwaji ba.

Wannan darasi ya shafi ɗaliban Jami'ar Noma ta Tarayya da aka kafa a Zuru a 2020, da malaman gona baki ɗaya. Gwajin da ba a tsara shi daidai ba yakan haifi gurguwar shawara, wanda ya bi ta kuwa, daminarsa ce ke tafiya a banza.