Jar Fitilar Adjamé da Treichville

Duk wanda ya taɓa leƙa cocin Katolika da tsakar rana, lokacin da babu sujada, zai ga wata 'yar jar fitila tana ci kusa da wani ƙaramin akwati. A cikin akwatin ake ajiye gurasar da fada ya tsarkake. A aƙidar Katolika gurasar nan ta zama jikin Yesu Almasihu, don haka yana nan a wurin dare da rana, ko da mutane ko babu. Fitilar sanarwa ce kawai. A nan suka sha bamban da yawancin 'yan Furotesta, waɗanda ke ɗaukar Jibin Ubangiji a matsayin tunawa.

A Abidjan, aƙidar nan a unguwannin talakawa ta yi saiwa. Fadoji na ƙungiyar SMA sun sauka Grand-Bassam a 1895. Bayan annobar zazzaɓin shawara ta 1899 Faransawa suka kwashe hedkwatarsu zuwa Bingerville, daga nan kuma Abidjan a 1934. Turawa suka kame Plateau, baƙar fata suka tare a gefe biyu: Adjamé ta arewa, Treichville ta kudu a tsallaken ruwa, unguwar da aka raɗa wa sunan Bafaranshe Marcel Treich-Laplène. Da aka fasa mashigin Vridi a 1950 manyan jiragen ruwa suka fara shigowa, 'yan ci-rani suka yi ta kwarara: Mosawa daga Haute-Volta, mutanen Dahomey da Togo, har da Hausawanmu fatake.

Ka duba halin lebura a tashar jirgin ruwa a wancan zamani. Ya baro garinsu da danginsa da kaburburan kakanninsa, yana kwana a ɗakin haya na gidan yawa. A ganina wannan ne ya sa koyarwar ta shige shi: an ce masa Ubangiji na nan a cocin Sainte-Jeanne-d'Arc ta Treichville ko Saint-Michel ta Adjamé, ƙofa a buɗe, ba sai ya iya Faransanci ba kafin ya durƙusa. Daga coci kuma abin ya biyo shi gida: carbi a aljihu, ruwan da fada ya sa wa albarka a kwalba, gicciye a jikin bango. Idan ya kwanta ciwo, a kawo masa gurasar har kan tabarmarsa.

Shugabancin cocin ma ya koma hannun 'yan ƙasa. A 1960, shekarar 'yancin Kwaddebuwa, Bernard Yago ya zama ɗan ƙasa na farko da ya riƙe muƙamin babban bishop na Abidjan. Taron Vatican na biyu, daga 1962 zuwa 1965, ya ba da damar yin sujada da harsunan jama'a maimakon Latin zalla. Katafariyar majami'ar Saint-Paul ta Plateau, wadda baƙi ke ɗauka a hoto, sai a 1985 Fafaroma John Paul na biyu ya buɗe ta. Kafin nan unguwannin biyu sun daɗe da fitilunsu.

Sau ɗaya a shekara ake kashe fitilar. Daren Alhamis ɗin makon Ista ake kwashe gurasar, a bar akwatin a buɗe, wayam, don tuna mutuwar Almasihu, har zuwa daren Asabar. A 2011 Juma'ar gicciye ta faɗo ranar 22 ga Afrilu, kwana 11 bayan kama Laurent Gbagbo, a ƙarshen rikicin zaɓen da ya ci rayuka kusan 3,000. Adjamé na cikin unguwannin da suka sha ƙarar bindiga, kuma masu ibada da dama ba su gama makokin nasu ba. Haka Katolikan Abidjan suka wuni gaban akwati wayam, daren Asabar aka sake kunna fitilar.