Tsakanin Mahuta da Mahauta: Me Muke Kiran Abincin da Ba Nama?

Harafi ɗaya tak ya raba sunan garinmu da wurin fawa. A ginin kalma, Mahuta wurin hutawa ne, kamar yadda makaranta take wurin karatu, marina wurin rini. Ka cusa mata “a” a ciki, ta koma mahauta. Amma ga yawancin gidajenmu, tafiya daga waccan zuwa wannan ta fi harafi ɗaya nisa. Sai ranar kasuwa, ko ranar suna, ko Babbar Sallah.

Shi ya sa nakan yi murmushi idan na ji a rediyo ana cewa “masu cin ganyayyaki”, wato Turawan da suka ƙaurace wa nama. Su can suna da sunaye. An kafa ƙungiyar masu ƙin nama a Ingila a 1847, sannan a 1944 wani Donald Watson ya ƙirƙiro kalmar “vegan” don waɗanda suka haɗa har da madara da ƙwai suka bari. Fassararmu ce take ɗingishi. Ka ce wa Bahaushe wane mai cin ganye ne, akuya zai fara tunawa. Alhali mutanen nan wake suke ci da hatsi da gyaɗa. Ka ajiye musu ɗanwake da man gyaɗa da yaji, ko kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ko ƙosai da koko, ba wanda zai tsame hannu.

Hausa ba ta raɗa wa irin wannan mutum suna ba, domin a wurinmu rashi ne ke hana cin nama, ba ƙi ba. Abincin ta raɗa wa suna, kuma sunayen sun tona mana asiri. Ɗauki “lami”. Asalinta abin da bai ji gishiri ba, marar ɗanɗano, amma bakin mutane ya ja ta har ta rufe miyar da ba tsoka a ciki. Na tuna wata rana baƙo ya sauka gidanmu daga Malumfashi. Gwaggo ta kaɗa miyar kuka da ta ji daddawa da citta da barkono, ƙamshi har zaure, ta zuba man shanu a kan tuwon masara. Da na zo ɗauka sai ta rage murya ta ce, “Ka ce masa ya yi haƙuri, lami ce.” Baƙon ya suɗe kwano ƙal, ya nemi ƙari. Da na mayar da kwano na ce, “Gwaggo, to ina lamin?” Ta ce, “Kai dai yaro ne. Kara ya yi mana.”

Idan ba mu kira abu da rashi ba, sai mu ara masa sunan abin da muke kwaɗayi. Abin nan mai kamar laima da ke tsirowa a juji da damina, naman kaza muke ce masa, ba shi da gashi ba shi da jini. Awara kuwa, a wajejenmu akwai masu kiranta ƙwai-da-ƙwai, ko da ba a fasa ƙwai ko ɗaya ba. Ita kanta kalmar awara ’yar aro ce daga “wara”, sunan da Yarbawa ke kiran cukun nonon shanu. Da fasahar daskarar da madarar wake ta iso, wadda asalinta ƙasar Sin ce, sai sabon abu ya gaji sunan tsoho. Har waken ma bai tsira ba. Turawa “soya” suke cewa, kalmar da ta samo tushe daga Japan. Kunnen Bahaushe ya ji “soya”, ya tuna kasko, ya ce waken suya. Kuskure ne, amma kuskuren da ya faɗa daidai, tunda a kasko waken yake ƙarewa.

Ko da yake ba duka ba. Mafi yawan waken suyar duniya, kusan kashi uku cikin huɗu, dabbobi ake ciyarwa da shi. Wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar hatsi ta Dandume ko Funtua bayan kaka ya ga tireloli ana yi musu lodin masara da waken suya, da yawa kuma kamfanonin abincin kaji suka nufa. A nan ne maganar muhalli take shigowa. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2013 cewa kiwo ne ke fitar da kashi 14.5 cikin ɗari na iskar da ɗan Adam ke ɗumama duniya da ita. Wani kaso mai yawa daga tumbin shanu da tumaki yake fitowa, su masu tuƙa, wani kuma daga sare dazuzzuka irin na Amazon a Brazil don buɗe wa shanu fili. Yarinyar da ke tuyar awara a bakin tasha ta yanke wannan doguwar hanya ba tare da ta sani ba: an jiƙa wake, an markaɗa, an tace, an zuba ruwan tsami ya kama, daga gona sai bakin mutum.

Sai dai kada mu ɗauko rigar wani mu ce dole ta yi mana. Saniyar Mahuta ba saniyar Brazil ba ce. A nan sunanta dukiya. Ita ke jan garma, ita ke cin kara da harawa bayan girbi ta bar wa gona taki. Kalmomin da ke ɗauke da ciwonmu daban suke: burtali, labi, makiyaya, mashaya. Ka tambayi dattijo ina burtalin da ya sani yana yaro, ya nuna maka gonar masara. Ka dubi gawon da ke bakin hanya da rani, an datse rassansa an ba dabbobi. Ƙasa ba ta ƙaruwa, mu da bisashe muna ƙaruwa, kuma yankin nan ya ɗanɗana abin da wannan matsi ke haifarwa tsakanin manomi da makiyayi.

Ba wanda zai haramta abin da Allah Ya halatta, kuma yaron da ba ya samun tsoka sai Sallah ba wa’azin barin nama yake bukata ba. Wa’azin na masu ci safe da yamma ne. Namu gyaran ƙarami ne, a harshe yake. Abincin da wasu suka kafa ƙungiya kafin su koya, mu kakanninmu suka bar mana, muna miƙa shi da ban haƙuri. Miyar da ta ji daddawa ba lami ba ce. Sunanta miyar kuka, kuma kwanon baƙon nan shaida ne.